Shin Ana Iya Kiwon Zuma a Bayan Gida a Tsakiyar Gari?

Tambaya: Wani magidanci da ke zaune a Kaduna ya rubuto yana cewa ya yi ritaya daga aiki, yana da gidan kansa a fili mai ƙafa 50 da 100, da ɗan sarari a bayan gida inda akwai mangwaro da gwaiba, kuma maƙwabta sun kewaye shi ta ɓangare uku. Ya ga bidiyon Turawa suna kiwon zuma a saman benaye a manyan birane, har wasunsu suna buɗe amya ba tare da safar hannu ba. Yana so ya san ko zai iya ajiye amya biyu a bayan gidansa, da abin da zai tanada.

Amsa: Malam, a gida irin wanda ka kwatanta ban ba ka shawarar ka ajiye amya ba, ko da guda ɗaya ce. Fili mai ƙafa 50 da 100 bai wuce mita 15 da 30 ba, kuma idan aka cire inda gini ya cinye, duk kusurwar da ka zaɓa za ta kasance 'yan taku kaɗan daga tsakar gidan wani. Matsalar ba daga ƙwarewarka take ba, kuma ba a cewa birni bai karɓi kiwon zuma ba. Matsalar ita ce irin zuman da muke da shi a wannan yanki.

Abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne. A birnin Paris akwai amyoyi a lambun Luxembourg tun 1856, an kuma daɗe ana kiwo a saman wasu manyan gine-ginen birnin. Hukumomin New York sun ɗage haramcin kiwon zuma a 2010, da sharaɗin mai kiwo ya yi rajista da hukumar lafiya. Sai dai zuman da waɗannan mutane suke kiwo yawanci ɗan Italiya ne ko kuma na yankin Sulobeniya, nau'o'in da aka shafe shekaru masu yawa ana tace su, ana zaɓar sarauniyar da 'ya'yanta suka fi sanyin hali ana barin irinta, mai zafi kuma a kawar da ita. Namu na Afirka ta Yamma, wanda masana suke kira Apis mellifera adansonii, ba a yi masa wannan tacewa ba. Ya tashi ne a dajin da dabbobi, kwarkwasa, gobarar daji da masu ɗibar zuma da wuta suke far masa, saboda haka wanda ya fi zafin kare gidansa shi ne ya wanzu ya bar baya. Dafinsa bai fi na Turai ƙarfi ba. Bambancin shi ne inda na Turai zai fito da ƙudaje goma ko ashirin idan an taɓa shi, namu yana iya fitowa da ɗaruruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya bi mutum mita ɗari uku zuwa ɗari huɗu, kuma ya wuni bai huce ba.

Abin da ya faru a Barazil ya isa hujja. A 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai sarauniyoyin zuma daga kudanci da gabashin Afirka don ya haɗa su da na Turai ya samar da irin da zai jure zafi. A 1957 rukuni 26 suka kuɓuce a kusa da Rio Claro a jihar Sao Paulo, suka bazu suna barbara da na gida, har suka isa jihar Texas ta Amurka a 1990. Masu kiwo a Barazil ba su daina sana'a ba, ƙasar ma ta ƙara yawan zuman da take samarwa daga baya, amma dole ta sa suka kwashe amyoyinsu daga bayan gidaje suka kai su nesa da mutane da dabbobi, suka sauya tufafin aiki, suka koma amfani da manyan na'urorin hayaƙi. Zuman da ya tilasta musu wannan sauyi ɗan'uwan namu ne na kusa.

Abin da yake yaudarar sabon mai kiwo shi ne cewa a watannin farko amya ba ta da fitina. Sabon zuman da ya shiga ba shi da 'ya'ya masu yawa kuma bai tara komai ba, don haka za ka tsaya kusa da shi kana kallon shige da ficensa ba abin da zai same ka, har ka ce mutane ne suke zuzuta abin. Ranar da saƙa ta cika amya, yawan ƙudajen ya kai dubu talatin ko arba'in, ruwan zuma ya nuna, halinsa yakan sauya gaba ɗaya. A lokacin ƙaramin abu yake tayar da shi: girgizar janareton maƙwabci da hayaƙinsa, injin niƙa, sarar reshen mangwaro, ƙwallon da yara suka bugo ta faɗo kan murfi, ƙanshin turare mai ƙarfi. Idan ɗaya ya yi harbi, yakan bar wani wari a wurin mai kama da na ayaba nunanniya, wannan warin kuma shi ne kiran da sauran suke amsawa, shi ya sa harbi na biyu da na goma suke sauka kusa da na farko. Kai da ka buɗe amyar kana cikin rigar kariya. Waɗanda abin yake faɗawa kansu su ne jaririn da aka shimfiɗe a tabarma a gidan maƙwabci, da tsohuwar da ba ta iya gudu, da ragon da aka ɗaure a turke, da kajin da ke cikin keji. Dabbar da ke ɗaure ita ce ta fi mutuwa a irin wannan hari, domin tana fizge-fizge tana ƙara tunzura su kuma ba ta da hanyar tsira.

Wasu sukan ce to a sayo sarauniya daga Turai. Wannan ba mafita ba ce. Sarauniya tana barbara ne a sararin sama, da maza goma zuwa ashirin daga amyoyin da ke yankin, ba ka da iko a kan waɗanda za ta haɗu da su. Da zarar wadda ka sayo ta tsufa aka maye gurbinta da 'yarta, jikokin sun koma halin na gida. Ban da wannan, zuman Turai ba ya jure yanayinmu da maƙiyan da ke nan, shigo da shi kuma hanya ce ta shigo da cututtuka.

Ta fuskar lafiya, harbi iri biyu ne yake kisa. Na farko shi ne na mutumin da jininsa bai karɓi dafin zuma ba, wanda harbi ɗaya yake sa masa ƙaiƙayi da borin jini a duk jiki, kumburin leɓe da maƙogwaro, sarƙewar numfashi da jiri cikin 'yan mintuna. Wannan yana buƙatar allurar adiranalin nan take, kuma ba a tsayawa shafa masa manja ko toka, asibiti ake nufa da shi. Sau da yawa mutum bai san yana da wannan lalura ba sai ranar da ta same shi, kai kuma ba ka da hanyar sanin ko akwai irinsa a cikin mutanen gidaje ukun da suka kewaye ka. Na biyu shi ne harbi mai yawa, ɗaruruwa a lokaci guda, wanda yake iya lalata tsoka ya taɓa ƙoda ko da mutum lafiyayye ne, kuma yaro ƙarami adadin da zai illata shi bai kai na babba ba. Wanda zuma ya biyo ya rufe fuskarsa ya ruga ya shige ɗaki ko mota ya rufe, kada ya tsaya kaɗe-kaɗe, kada kuma ya faɗa cikin ruwa, domin za su jira shi ya ɗago. Ƙarin da ya maƙale a fata a kankare shi da sauri, saboda yana ci gaba da tura dafi bayan ƙudan ya tafi.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun tattauna wannan mas'ala da sunanta. An ruwaito cewa Ibn Habib ya tambayi Muɗarrif game da mutumin da ya ajiye zuma ko tattabaru a cikin alƙarya suna cutar da mutane, sai ya ce a hana shi, domin ba a iya tsare kai daga abin da yake tashi sama kamar yadda ake tsare gona daga dabbobi. Asbag ya saɓa masa, ya ɗauke su a matsayin dabbobin kiwo waɗanda ba a hana mutum mallaka. Amma lura da cewa saɓanin nasu a kan ɓarnar shuka da bishiyoyi ne. Inda maganar ta zama ta ran mutum, ƙa'idar hadisin da ya hana cuta da cutarwa ita ce take hukunci. Ta ɓangaren hukuma ma, maƙwabcin da aka cutar yana da damar kai ƙara wurin mai unguwa, ko duba-gari, ko kotu, kuma ba a rasa gane mai amya a unguwa. Wani abin da masu kiwo a gari suka sani shi ne, daga ranar da aka san kana da amya, duk wanda zuma ko rina ko zanzaro ya harba a layinku, naka ne ya harbe shi.

Wannan ba ya nufin babu gidan da ya dace a cikin birni. Tsofaffin gidajen GRA masu faɗin fili, gidajen gona da ke bakin gari, lambuna, da harabar ma'aikatu ko makarantun aikin gona da ke da kusurwar da ba a bi, duk ana iya kiwo a cikinsu. A ra'ayina, mafi ƙarancin tazara tsakanin amya da inda mutane suke zama ko dabbobi suke ɗaure ita ce mita 100, idan kuma akwai makaranta, masallaci, kasuwa ko hanyar da jama'a suke bi, a ninka wannan sau biyu ko uku. A kewaye wurin da katanga ko shinge mai duhu wanda tsayinsa ya kai mita 2, domin zuma idan ya fito ya tarar da abu a gabansa yakan yi sama, kuma ba ya saukowa sai ya isa inda ya nufa, don haka hanyarsa takan wuce ta saman kawunan mutane. Bakin amya ya kalli shingen ko wani fili da ba kowa, kada ya kalli ƙofa ko taga. A guji wurin da fitila take haskawa kai tsaye da dare, saboda haske yana jawo su, da safe a tarar da su a ƙasan fitilar maƙwabci suna rarrafe inda yara suke tafiya ba takalmi. Kada adadin ya wuce amya biyu, kuma a ba su tazara a tsakaninsu, domin idan ɗaya ta tashi takan tayar da ta kusa da ita.

Ruwa shi ne abin da ya fi haɗa mai kiwo da maƙwabta faɗa, fiye ma da harbi. Zuma yana riƙe zafin wurin 'ya'yansa a kan digiri 34 zuwa 35, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana yake kaiwa digiri 40 a garuruwanmu, yana yin haka ne ta hanyar ɗebo ruwa ya shimfiɗa a kan saƙa yana fifita da fukafukai. Amya mai ƙarfi tana iya shan lita guda ko fiye a irin wannan rana. Idan ba ka ba shi ba zai nema da kansa, kuma inda zai samu shi ne bakin famfon maƙwabci, da wurin alwala, da butar da aka bari a buɗe, da kaskon ruwan kaji. Da zarar ya saba da wuri, raba shi da wurin yana da wuya ƙwarai, saboda haka ana ajiye masa ruwan ne tun kafin ya shiga amya, a faffaɗan kasko da aka zuba wa tsakuwa ko 'yan karare don ya samu wurin sauka kada ya nutse, kuma ba a bari ya ƙafe ko na wuni ɗaya. A sauya ruwan a kai a kai don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Haka kuma a lokacin da fure ya yi ƙaranci za ka gan shi ya yi dandazo a kan garin masara ko dusar da aka shanya, da teburin mai rake da mai zoɓo. A nan ba ya cika harbi, tunda ba gidansa yake karewa ba, amma mai kayan ba zai saurari wannan bayani ba.

Saman bene, wanda shi ne ya burge ka a bidiyo, yana da fa'ida ɗaya: hanyar zuman tana sama da mutane. Amma rufin kankare a nan yana ɗaukar zafin da ba a san shi a Paris ba. Kaki ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, sai dai tun kafin nan yake yin laushi, sabuwar saƙa mai nauyin ruwan zuma ta tsinke ta faɗi ta danne 'ya'ya, zuman kuma ya watse ya bar amya. Wanda zai yi a sama dole ya yi rumfa mai kauri, ya ɗaga amya daga kan kankare, ya ɗaure ta saboda iskar farkon damina. Ya kuma tuna cewa ranar da abu ya ɓaci, hanyar gudunsa tsani ne ko matattakala, yana sanye da rigar da ba ya gani sosai a cikinta.

Abinci ba ya cikin abin da zai dame ka. Mangwaronka da gwaibarka ba su ne za su riƙe amya ba, zuma yana kiwo ne a kewayen kilomita 2 zuwa 3, kuma garuruwanmu suna da darbejiya, mangwaro, kashu, lemo, zogale da bishiyar turare, waɗanda suke fure a lokuta daban-daban, a bakin gari kuma ga ɗorawa da kaɗanya da gawo. Haɗarin da ke cikin gari shi ne feshi: maganin sauro da ake fesawa a magudanai, da maganin ƙwari da masu lambu suke fesa wa kayan miya suna cikin fure. Idan ka ga matattun ƙudaje sun taru a bakin amya harsunansu a waje, yawanci guba ce.

Game da irin amya, ta gargajiya da ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu a rataye a bishiya ba ta dace da kusa da mutane ba, domin ba a iya duba cikinta, ɗibarta kuma sai da wuta da tayar da zuman gaba ɗaya. Akwatin Langstroth mai firam, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1851, yana da kyau amma yana da tsada kuma yana buƙatar kafinta mai kiyaye awo. Wadda ta fi dacewa da mai farawa ita ce amyar Kenya mai sanduna a sama, domin sandunan suna haɗuwa su rufe saman ruf, kana ɗaga ɗaya ko biyu ne kawai a lokaci guda, sauran zuman yana cikin duhu bai san an buɗe ba. Ka tsaya a kan kafinta ya yanka kowace sanda a faɗin milimita 32, wanda shi ne awon zumanmu. Idan ya ƙara ko ya rage, zuman zai gina saƙa a karkace ta haɗe sanduna biyu ko uku, ranar ɗiba sai ka yanka, yankan kuma shi ne yake jawo faɗa. Ƙafafun teburin da aka ɗora ta a kai a sa su cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa. Buɗe amya kusa da gari ana yin sa ne dab da magariba, yadda duhu zai mayar da waɗanda suka fusata gida, da hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwar masara, ba na roba ko tsumma mai mai ba, kuma bayan an sanar da na kusa su shigar da yara da dabbobi.

Akwai halin zumanmu guda biyu da ba ka da cikakken iko a kansu. Yana yawan rabuwa: idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya takan fita da kusan rabin jama'arta su nemi sabon gida. Yana kuma yawan ƙaura gaba ɗaya idan yunwa, zafi ko tururuwa suka dame shi. A daji wannan asarar mai kiwo ce kawai. A cikin gari kuwa rukunin da ya fita yakan dunƙule a reshen bishiyar wani, daga nan ya shige silin ɗin wani gida, ko akwatin mita, ko tsohuwar taya, ya zauna ya yi ƙarfi a inda ba mai kula da shi, sai ranar da mai gyaran rufi ya ɗaga kwano. Ana rage wannan ta hanyar ɗibar zuma a kan lokaci, da raba amyar da ta cika, da ajiye amya fanko da aka shafa wa kaki a kusa don ta kama masu fita, amma ba a kawar da shi ɗungurum.

Abin da nake ganin ya fi maka shi ne ka raba sana'ar gida biyu. Amyoyin ka kai su gona ko lambu a bayan gari, naka ko na wani da za ku yi yarjejeniya, wanda shi ma zai amfana domin zuma yana ƙara wa mangwaro, kashu, kankana da riɗi 'ya'ya. Kiwon zuma ba ya buƙatar zuwa kullum, leƙawa sau ɗaya a mako biyu ta wadatar a yawancin shekara, sai dai batun ruwa da rani wanda za ka damƙa wa mai gadin wurin. Ka fara da bin wani tsohon mai kiwo na kaka guda kafin ka buɗe amya kai kaɗai. Gida kuma ya zama wurin tacewa, da zubawa a kwalba, da narka kaki. Ko wannan a yi shi a rufaffen ɗaki mai raga a taga, ko da dare, domin ƙanshin saƙa yana tara zuman unguwa cikin ɗan lokaci. Ka ɗebi saƙar da aka toshe bakinta da kaki kawai, ita ce ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, wadda ba a toshe ba takan yi tsami a kwalba. Kuma ka riƙa gaya wa masu saye kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Idan kuwa abin da kake so shi ne ka ga ƙudaje suna shige da fice a bayan gidanka, akwai ƙananan zuma marasa harbi, irin su galla, waɗanda suke gida a kogon bishiya da ramukan katanga. Ana kiwonsu a ƙananan akwatuna, kuma a Ghana akwai cibiyar da aka kafa musamman don bincike da koyar da kiwonsu a kusa da gandun dajin Kakum, da haɗin gwiwar masanan Jami'ar Cape Coast. Ruwan da suke bayarwa kaɗan ne, da wuya akwati ɗaya ya wuce lita guda a shekara, yana da ɗan tsami kuma ya fi na zuma tsinkewa, don haka ana ajiye shi a wuri mai sanyi. Akwatin yana buƙatar inuwa da kariya daga tururuwa, kuma ana iya rataye shi a ƙarƙashin mangwaron nan naka ba tare da an nemi iznin kowa ba.